Yadda ake neman tsofaffin kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe a Ingila

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa, galibi daga 'yan'uwa da ke karatu ko aiki a Birtaniya. Mutum zai ga labarin wani dattijo ya shiga gona da na'ura ya fito da gwal ɗin da ya shekara 3,000 a ƙasa, sai ya aiko yana son jin ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, in kuma Allah ya ba da sa'a kayan na wane ne. Wasu sun san na'urar ne ta wajen masu neman zinariya a Djado da ke arewacin Nijar ko a Sudan, suna zaton aikin ɗaya ne. Na'urorin dangin juna ne, amma mai neman ɗanyen gwal nauyi yake bi, shi kuwa mai neman kayan tarihi rabin darajar tsintuwarsa tana cikin ramin da ta fito.

Tun farko ka san iyakar abin da za ka samu. Na'urar ba ta jin dutse, ba ta jin yumɓu ko ƙashi, ƙarfe kaɗai take ji. Sarrafa ƙarfe kuwa ya shiga Birtaniya ne wajen shekara ta 2450 kafin miladiyya. Ke nan mafi tsufan abin da zai yi maka ƙara a kunne bai wuce shekara 4,500 ba: gatarin jan ƙarfe, wuƙa, ko gwal da aka buga ya yi sirara. Makaman dutse da suka fi haka tsufa nesa ba kusa ba, masu wannan harka suna tsintarsu, amma da ido suke ganinsu a saman ƙasa.

1. San dokar inda kake tsaye

A Ingila da Wales ba a neman lasisi, muddin mai fili ya yarda kuma filin ba ya cikin wuraren da hukuma ta kare. A Sikotland ma ana yi, sai dai duk abin tarihin da ka samu, ko na dalma ne, dole ka kai rahotonsa, kuma na masarauta ne har sai an ce ba a so. A Ayilan ta Arewa ba a tono don neman kayan tarihi sai da lasisi. Abin da ke tafe a nan na Ingila da Wales ne.

A Ingila, dokar 1979 ta kare tsofaffin wurare ta hana amfani da na'ura a kan duk wurin da aka yi wa rajista ba tare da rubutaccen izinin hukuma ba, ko da mai gonar da kansa ya ce ka shiga. Kafin ka taka kowane fili, buɗe taswirar gwamnati ta MAGIC a intanet, kyauta ce, ka duba ko an zana shi cikin wuraren da aka kare.

Hattara: kada ka ɗauki na'urarka zuwa hutu a wata ƙasar Turai kana ganin duk kanwar ja ce. A Faransa, tun dokar 1989, neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin hukuma. A Jamhuriyar Ayilan laifi ne babba. A Jamus kowace jiha da tata dokar.

2. Nemi izini kafin ka sayi komai

Nan ne yawancin sababbin shiga suke kifewa. Sukan sayi na'ura, sannan su gano ba su da inda za su kunna ta, sai ta ƙare a bayan kabad. Babu filin da ba shi da mai shi a Ingila. Wurin shaƙatawa na ƙaramar hukuma ne, kuma da yawansu sun hana. Hanyar ƙafa da ta ratsa gona an ba ka damar wucewa ne, ba ta tono ba. Gaɓar kogin Thames a Landan ma sai da takardar hukumar tashar jiragen ruwa ta birnin.

Hanya mafi sauƙi ita ce shiga ƙungiyar masu wannan harka ta yankinku. Ƙungiyoyin suna da gonakin da suka riga suka samu izini, kuma za ka koyi aiki a gefen waɗanda suka daɗe. Akwai kuma taron fita na yini guda da ake biyan kuɗin shiga, yawanci 'yan gomomin fam ƙasa da hamsin. Ka kuma yi rajista da ƙungiyar ƙasa ta NCMD, kuɗinta na shekara kaɗan ne, ita ke ba ka inshorar da za ta biya in ka yi wa manomi ɓarna. Manoma da yawa wannan katin suke fara tambaya.

In za ka nemi gona da kanka, je da ƙafarka, da rana, ba lokacin girbi ba, ba kuma da na'ura a kafaɗa ba. Za a ce maka a'a sau da yawa, kada abin ya dame ka. In an ce to, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: wace gona, wane lokaci, wa zai riƙe ƙananan kaya, yaya za a raba in an samu mai tsada. Al'adar da aka saba ita ce rabi da rabi. Zumuncin da dukiyar tono ta raba a Ingila ba kaɗan ba ne, kuma kusan kullum daga maganar baka matsalar ke tasowa.

Hattara: wanda ke noma gonar ba lalle shi ne mai ita ba. In ɗan haya ne, kana buƙatar yardarsa da ta mai ƙasar. A doka, abin da ke cikin ƙasa na mai ƙasa ne. Ɗaukarsa ba izini sata ce, kuma da sunan sata ake gurfanar da mutum.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Farashi yana motsi, amma ga kimanin abin da za ka tanada. Na'urar koyo mai kyau, irin Nokta Simplex ko Minelab Vanquish ko Garrett Ace, tana tsakanin fam 200 da 400. Na tsakiya da na sama, irin Minelab Equinox da XP Deus, daga wajen fam 600 har sama da 1,000. Shawarata kada ka fara da mai tsada. Wanda ya san muryar na'urar fam 300 ya fi wanda ke riƙe da ta fam 1,300 yana ta danne-danne.

Bayan ita kana buƙatar 'yar na'urar hannu mai kama da tocila, wadda ake zurawa cikin rami don gano daidai inda ƙarfen yake, wajen fam 70 zuwa 130. Sai ƙaramin shebur mai ƙarfi, cokalin tono na roba ko na katako, abin sauraro na kunne, safar hannu, takalmin ruwa, ƙananan ledoji masu zif, alƙalamin da ba ya gogewa, akwatin roba mai soso a ciki, da jakar zuba tarkace. Da fam 500 zuwa 600 mutum ya haɗa komai.

Hattara: manyan injinan neman ɗanyen gwal irin GPX da aka sani a Sudan da Nijar ba su dace da gonar Ingila ba. Suna shiga ƙasa sosai, amma ba su iya tantance ƙusa da kobo yadda ya kamata, gonakin can kuwa cike suke da ƙusa. Jabunsu ma sun cika kasuwa, don haka ka saya a wajen dillalin da kamfani ya amince da shi. Sandunan nan masu eriya da ake cewa suna hango gwal daga nisan kilomita kuwa, damfara ce tsagwaronta. Kuma kada ka sa takalmi mai ƙarfe a baki, in ba haka ba ƙafarka za ka yini kana ganowa.

4. Koyi muryar na'urar a gida

Ka samu kwabo, zobe, ƙusa, murfin kwalba, guntun dalma da takardar alminiyum. Binne su a bayan gida a zurfi daban-daban, ka riƙa bi ta kansu har kunnenka ya rarrabe su ba ka kalli allo ba. Lambar da allo ke nunawa hasashe ce, sauti ya fi ta gaskiya.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman tsoffin kaya shi ne maɓallin da ke sa na'ura ta yi watsi da tarkace. Sababbi sukan ɗaga shi sama don su huta da tonon banza. To, siririn gwal da takardar alminiyum da marfin gwangwani kusan lamba ɗaya suke bayarwa, babban gatarin tagulla kuma yakan yi ƙara irin ta gwangwanin lemo. Wanda ya toshe tarkace ya toshe abin da ya fito nema. Ka bar maɓallin ƙasa, baƙin ƙarfe kaɗai za ka tsallake, sauran duk ka tona. Kada kuma ka ƙure ƙarfin ji, in na'ura ta fara surutu ba dalili ka rage shi har ta natsu, sannan ka daidaita ta da ƙasar wurin a duk sabuwar gona.

5. Zaɓen fili

Tsoffin kaya ba a warwatse suke ko'ina daidai ba. Mutanen zamanin tagulla, wato lokacin da ake ƙera makamai da tagulla kafin a fara sarrafa baƙin ƙarfe, sun fi ajiye ƙarfensu a wurare biyu: kusa da ruwa, wato bakin kogi, idon ruwa da fadamun da yanzu aka busar aka mai da gona, sai kuma cikin tudun kaburbura, waɗanda garma ta baje da yawansu har ba a ganinsu.

Kofin gwal na Ringlemere ya nuna amfanin ido. A watan Nuwamban 2001 Cliff Bradshaw yana bincike a wata gona kusa da Sandwich a yankin Kent, ya lura da ɗan tudu a tsakiyarta wanda da ƙyar ake gane shi. Nan ya samu kofin, na tsakanin 1700 da 1500 kafin miladiyya, garma ta riga ta lotsa shi. Da masana suka tona wurin daga baya, sai ga shi tsohon tudun kabari ne. Gidan tarihi na British Museum ya saye shi fam 270,000, aka raba tsakaninsa da masu gonar.

Kafin ka fita, ka yi aikin zaune. Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotland ya sa tsoffin taswirorin Birtaniya a intanet kyauta, za ka ga tsoffin hanyoyi, mashigai da rijiyoyin da suka ɓace. Shafin finds.org.uk yana nuna irin kayan da aka taɓa samu a kowane yanki. Hotunan sama na lokacin fari kan nuna da'ira a cikin amfanin gona, alamar tsohon rami ko kabari.

Gonar da ake nomawa ta fi makiyaya dacewa, don garma ta riga ta gauraya saman ƙasar, ba abin da za ka ɓata, kuma duk shekara tana juyo sabon abu. Lokaci mafi kyau shi ne bayan girbi kafin shuka, daga Agusta zuwa Oktoba, musamman bayan an yi ruwa. Da hunturu kuwa ka fita da wuri, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara.

6. Tafiya da lilo

Faifan na'urar ya kasance daf da ƙasa, a kwance, kada ya ɗaga a ƙarshen lilo. Ka riƙa kai shi dama da hagu kamar mai sharar tsakar gida, kowane lilo ya hau rabin na baya. Taku gajere, a hankali. Ka bi gona layi-layi, kana sa alama a bakin kowane layi, in ka gama wurin da ya ba da wani abu ka sake bin sa ta gicciye. Abu mai girman kwabo ba a cika jin sa ba in ya wuce zurfin santimita 20 zuwa 30, don haka kowane santimita da ka ɗaga faifai asara ce.

Ka kuma shirya zuciyarka. Mafi yawan abin da za ka tono gindin harsashin bindigar farauta ne, maɓallan riga, dalma, guntayen tarakta da gwangwani. Akwai waɗanda suka shekara ashirin ba su taɓa riƙe tagullar zamanin da ba. Akwai kuma irin Ole Ginnerup Schytz na Danmak, wanda bai daɗe da sayen na'ura ba ya faɗa kan gwal kusan kilo guda a Vindelev a ƙarshen 2020. Rabo ne, amma kada ka yi lissafin kuɗin haya da shi.

7. Tono

In ka ji sauti mai tsabta da ke maimaituwa ta kowane ɓangare, ka gano tsakiyarsa, sannan ka sa shebur nesa da shi kamar tafin hannu, ba a kansa ba. A wuri mai ciyawa ka yanka gefe uku ka buɗe kamar murfi, don ka mayar ciyawar ta ci gaba da rayuwa. Duba ramin da ƙasar da ka fitar da 'yar na'urar hannu, ka ƙarasa da yatsa ko cokalin roba. Tabon shebur a jikin gatarin da ya shekara 4,000 ba ya gyaruwa.

Ka cike kowane rami ka take shi, ka kwashe tarkacen da ka tono ka tafi da su, ka rufe ƙofar shinge yadda ka same ta. Rami ɗaya da ya karya ƙafar tunkiya ya isa ya rufe wa kowa gonar.

Kafin ka jefa wani abu cikin jakar tarkace, ka dube shi sau biyu. A ƙarshen zamanin tagulla maƙera sukan binne karyayyun gatura, guntayen takubba da dunƙulen jan ƙarfe don narkarwa, kuma ba su da kyan gani ko kaɗan. Abu mai nauyi, kore, mai santsi, wanda maganaɗisu bai kama shi, ajiye shi daban. Gatari shimfiɗaɗɗe marar rami shi ne mafi tsufa, mai ramin ƙota a gindi kuwa na baya ne, wajen 1000 zuwa 700 kafin miladiyya.

Hattara: in ka ga abin da ya yi kama da bam, gurneti ko harsashi mai rai, kada ka taɓa. Ragowar yaƙin duniya na biyu na nan birjik a ƙasar. Sa alama, ja da baya, kira 999, ka sanar da mai gona. In ƙashin mutum ne ma, tsaya nan take ka kira 'yan sanda.

8. Lokacin ajiye shebur

Wannan matakin ya fi duk sauran, kuma shi ne mafi wuya, don a daidai lokacin ne hannu ke rawa. Ka daina tono in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ka wuce ƙasar da garma ke juyawa ka shiga mai tauri wadda launinta ya bambanta, ko abu na biyu ya bayyana manne da na farko, ko ka ga bakin tukunya, itace, fata ko ƙashi. Ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girma, mayar da ƙasa a hankali, rubuta wurin, ka kira mai gona da jami'in kayan tsintuwa, wato ma'aikacin da ke rubuta abin da jama'a suka tsinta (bayaninsa na mataki na 10). Kada ka sa a Facebook, hoton waya kan ɗauki bayanin wuri, ɓarayin dare kuma suna bibiya.

Dubi abin da haƙuri ya haifar. A Afrilun 2010 Dave Crisp ya ci karo da bakin wata babbar tukunya kusa da Frome a Somerset. Ya rufe ramin ya kira hukuma. Masana suka kwashe ta hawa-hawa, suka ƙirga kuɗin Rumawa 52,503, kuma daga yadda kuɗin suka jeru suka fahimci an fara kafa tukunyar a rami ne sannan aka riƙa zuba su. Da ya juye ta cikin buhu, wannan bayanin ya tafi har abada. Ladansa bai ragu da ko sisi ba, an kimanta kayan fam 320,250.

A Yunin 2020 Mariusz Stepien ya samu wasu ƙarafan tagulla kusa da Peebles a Sikotland, shi ma ya tsaya. Ya kwana 22 a tanti yana gadin wurin yayin da masana ke aiki. Suka samu takobi cikin kubensa da kayan doki na wajen shekara 3,000, har da ragowar fata da itace, ta yadda ake iya bin madauri daga wannan zobe zuwa wancan. Aka yanko ƙasar dunƙule guda aka kai ɗakin bincike. Shebur ɗaya da ya ƙara, da zobba kawai za a gani ba a san yadda suke haɗe ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne faifan Nebra. A 1999 wasu mutum biyu marasa izini suka tono shi a wani tudu a jihar Saxony-Anhalt ta Jamus: faifan tagulla mai faɗin wajen santimita 32, an manna masa gwal a siffar wata da taurari, tare da takubba biyu da gatura, an binne su wajen 1600 kafin miladiyya. Wajen ciro shi suka ɓantare gefensa suka lalata wani sashe na gwal ɗin, suka sayar da komai mak 31,000, kuɗin Jamus na lokacin. Sai a 2002 'yan sanda suka ƙwato shi a Basel da ke Suwizalan ta hanyar tarko, masu tonon kuma suka sha hukunci. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Saboda babu masanin da ya gan shi a cikin raminsa, har a 2020 an samu masu jayayya kan shekarunsa da kuma ko tare aka binne shi da takubban. Ɗaya daga cikin abubuwa mafi daraja da na'ura ta taɓa ganowa ke nan, amma sai da aka yi ta gwaje-gwajen ƙasa don tabbatar da abin da hoto ɗaya a bakin rami zai nuna.

9. Rubuta wuri, kada ka wanke

Kowane abu da ledarsa. Rubuta kwanan wata, sunan gona, zurfi da lambar wurin daga GPS na waya, tun kana tsaye a kansa. Kada ka ce sai ka koma gida.

A gida kuma ka kama hannunka. Kada ka goge, kada ka kankare, kada ka jiƙa a lemon tsami, ruwan tsami, lemon kwalba ko man zaitun, duk da za ka ga masu ba da wannan shawara. Koren da ke jikin tagulla shi ne fatarta, a cikinsa zanen ado da sawun guduma suke. Ƙasar da ta toshe ramin gatari ko mashi ma kada ka zaƙule ta, sau da yawa guntun ƙotar itace na ciki, da shi ake gano shekarun abin a ɗakin gwaji. Gwal da ya lanƙwashe ka bar shi a lanƙwashe. Bar ƙarfe ya bushe a iska, ka huda ledar don kada gumi ya taru, ka ajiye a akwati tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. In ka ga wani kore mai haske yana fitowa kamar gari, ciwon tagulla ne, yana cin ƙarfe, ka ware shi ka nuna wa jami'i da wuri. Abin da ya fito daga laka da itace ko fata a jikinsa kuwa akasin haka ne: a bar shi da danshinsa a wuri mai sanyi.

10. Kai rahoto da batun lada

Dokar taska ta 1996 ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka samu abu, ko ranar da ka gane zai iya zama taska, ka sanar da jami'in shari'a na yankin da suke kira Coroner. A aikace, jami'in kayan tsintuwa na shirin rajistar kayan tarihin da aka tsinta, Portable Antiquities Scheme, wanda ake kira FLO, shi ke cika maka takardun. Kowane yanki yana da nasa, adireshinsu na shafin finds.org.uk.

Abin da doka ta kira taska ya haɗa da duk abin da ba kuɗi ba wanda ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin ɗari nasa gwal ne ko azurfa. Tsabar kuɗin gwal ko azurfa biyu ko fiye daga wuri ɗaya masu wannan shekarun. Tsabar kuɗin tagulla goma ko fiye. Da ƙarfe biyu ko fiye na zamanin kafin zuwan Rumawa daga wuri ɗaya, ko da tagulla ce zalla. Lura da wannan na ƙarshen: gatari ɗaya ba taska ba ne, gatari da guntun wani a rami ɗaya taska ne. Daga Yulin 2023 an ƙara wani rukuni, abin ƙarfe da ya haura shekara 200 wanda ke da muhimmanci na musamman ga tarihi. In kana kokwanto, kai rahoto, ba a hukunta mutum don ya kai abin da ba taska ba.

In an tabbatar taska ce kuma wani gidan tarihi yana so, kwamiti mai zaman kansa zai kimanta farashin kasuwa, gidan tarihin ya tara kuɗin, a raba tsakaninka da mai ƙasa. Taskar Staffordshire da Terry Herbert ya samu a 2009 an biya fam miliyan 3.285, aka raba biyu. In babu mai so, a dawo muku da kayan. Abin yana ɗaukar lokaci, shekara guda ko fiye ba abin mamaki ba ne, kuma kwamitin na iya rage ladan wanda ya shiga ba izini ko ya lalata abu da wanki. Kayan da ba taska ba ma ka kai a rubuta su, kyauta ne, za a gaya maka mene ne da shekarunsa a mayar maka.

Hattara: ƙin kai rahoto kaɗai na iya jawo ɗaurin wata uku ko tara ko duka biyun. Ɓoyewa da sayarwa kuwa wata magana ce daban. Mutum biyu da suka samu taskar zamanin Viking, wato mayaƙan teku na arewacin Turai, kusa da Leominster a 2015 suka ɓoye ta, a 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara 10, ɗayan shekara 8 da rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Da sun bi hanya, da rabin ladan miliyoyin fam nasu ne halal.

11. In za ka tafi da shi gida

Ko an mayar maka da abu ya zama naka, ba za ka jefa shi a akwati ka hau jirgi ba. Duk abin tarihin da aka tono daga ƙasar Birtaniya wanda ya haura shekara 50, komai arharsa, sai da lasisin fitarwa daga hukumar Arts Council England. Nemi lasisin tun tafiya da saura, ka riƙe takardar rajistar FLO tare da shi.

Masu tambayar ko za su iya kawo na'urar su gwada a kufai ko gindin ganuwa a Najeriya, tsarin ba ɗaya ba ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Yardar mai gona ko ta mai unguwa ba ta wadatar ba. Wanda ya ci karo da wani abu yana noma ko haƙar rijiya, ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoto, ya sanar da gidan tarihi na hukumar mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin Jos ko na Kaduna.